Baƙuwar Da Ke Cikin Ciyawa

A ƙasashen da ake noman alkama da sha'ir, tun daga Gabas ta Tsakiya har zuwa Turai, manoma sun daɗe da sanin wata ciyawa mai suna zawan. Tana tsirowa a cikin alkama, kuma kafin ta fitar da kai da wuya a bambanta su. Idan ƙwayarta ta yi yawa a cikin garin da aka niƙa, wanda ya ci gurasar sai jiri ya ɗebe shi, ya yi ta tangaɗi, ganinsa ya dushe, barci mai nauyi ya kama shi. Masana da yawa na ganin ita ce ciyawar da Linjilar Matiyu ta ambata a misalin maƙiyin da ya watsa mugun iri a gonar alkama. An yi ƙarni bayan ƙarni ana ɗora wa ciyawar laifi ita kaɗai, domin babu wanda ya san akwai wata halitta ta biyu da ke zaune a cikinta.

A shekarar 1898 ne masana tsirrai a Ostiriya da Faransa, cikinsu har da Vogl da Guérin, suka yanka ƙwayar zawan suka sa ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kowa a nasa ɗakin bincike. Abin da suka gani iri ɗaya ne. A ƙarƙashin ɓawon ƙwayar akwai wata shimfiɗa ta siraran zaruruwa masu sarƙe da juna, zaruruwan fumfuna, wato dangin wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu, kuma dangin naman kaza. Abin mamakin shi ne ƙwayar lafiyarta ƙalau, ba ta ruɓe ba, kuma idan an shuka ta tana tsirowa. A 1904 wani matashi Ba'amurke mai suna Edward Freeman, wanda ya yi aikin a Kambirij ta Ingila, ya bi sawun fumfunar ya nuna yadda take rayuwa: daga ƙwaya take shiga tsiro, ta hau tare da shi yana girma, ta shiga furen, ta koma cikin sabuwar ƙwaya. Ba ta fita waje ko sau ɗaya. A wannan shekarar kuma Gustav Lindau na Jamus ya same ta a cikin ƙwayoyin zawan da aka tono daga wani kabari na Masar, masu kimanin shekara 4,000.

Daga nan sai maganar ta kwanta. Kathleen Sampson ta ci gaba da nazarinta a yankin Wales a shekarun 1930, wani mai suna Neill ya gan ta a ciyawar kiwo ta Niyu Zilan wajen 1940, amma an ɗauke ta abin sha'awa ne na masu leƙa madubi. Sai da shanu suka fara lalacewa a Amurka tukuna aka waiwaye ta.

A 1931 wani malamin aikin gona na Jami'ar Kentaki, E. N. Fergus, ya je gundumar Menifee domin ya yi alƙalanci a gasar masu dafa ruwan takanda ya zama maɗi. A can aka kai shi wata gona a gefen tudu, ya ga ciyawa kore shar a lokacin da ta maƙwabta ta bushe, ga shi ta riƙe ƙasa ruwa bai zaizaye ta ba. Doguwar feskiyu ce, ciyawar da asalinta daga Turai ne. Ya ɗebi iri ya koma jami'a, aka yi shekaru ana gwaji, a 1943 aka fitar da ita ga manoma da sunan Kentucky 31. Ta yaɗu kamar wutar daji. Tana jure fari, tana jure ƙasa marar taki, ƙwari ba sa cinye ta, kiwo ba ya kashe ta. Cikin 'yan shekaru ta mamaye wuraren kiwo da bakin hanyoyi na kudu maso gabashin ƙasar, har aka ƙiyasta ta rufe kimanin eka miliyan 35.

Ba a daɗe ba makiyaya suka fara kuka. Da bazara shanu ba sa zubar da gashin sanyi, sai ka gan su da gashi buzu-buzu, jiki da zafi, suna haki, yawu na dalala, sun bar ci sun shige inuwa ko sun tsaya cikin tafki tun hantsi. Ba sa ƙiba, nono ya ragu, haihuwa ta ragu. Da hunturu kuma abin ya fi muni: jini ba ya isa ƙarshen gaɓoɓi, sai saniya ta fara ɗingishi, wani lokaci kofato ya cire, ko bakin wutsiya da kunne su bushe su faɗi. Masu dawaki sun ga nasu tashin hankalin. Goɗiya kan wuce lokacin haihuwarta da makonni, mabiyiya ta yi kauri, in ta haihu ma babu nono. Fiye da shekara 30 aka yi ana tace ciyawar ana neman gubar, ana zargin wannan sinadari a sake shi a kama wancan.

Bakin zaren ya fito ne daga wata gona kusa da garin Mansfield a jihar Jojiya. A 1973 masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka suka lura mai gonar yana da garke biyu, duka a kan feskiyu, ɗaya na fama da cutar, ɗaya kuma lafiya lau. Charles Bacon da abokan aikinsa, Porter da Robbins da Luttrell, suka ɗebo ciyawa daga wuraren kiwon biyu. Yadda ake dubawa ba shi da wuya. Ana ɓare siririyar fatar cikin kuben ganye, wurin da ganye ya rungume kara, a ɗiga mata shuɗin rini, a ɗora a gilashi. Idan baƙuwar na nan, sai a ga zaruruwa shuɗaye suna tafiya a tsawon ganyen, suna lanƙwasa a tsakanin ƙwayoyin halittar ciyawar ba tare da sun huda ko ɗaya ba. A makiyayar garken da ke ciwo kusan kowane tushe na ɗauke da ita. A ɗayar kuwa kaɗan ne. Sun buga sakamakon a 1977.

Carl Hoveland na Jami'ar Auburn a jihar Alabama ya tabbatar da zancen da sikeli. A gwajin da aka buga a 1983, 'yan bijiman da suka yi kiwo a feskiyu mai cike da fumfuna suna ƙara kimanin rabin kilo a rana, waɗanda ke kan mai ƙarancinta kuwa suna ƙara fiye da kilo 0.8. A tsakiyar shekarun 1980 aka kama sinadarin, aka ga ergobalin ne, mai matse jijiyoyin jini da danne sinadarin da ke kawo nono. Daga baya, a 1993, Hoveland ya ƙiyasta asarar masu kiwon shanun nama da fiye da dala miliyan 600 a shekara.

A Niyu Zilan ma irin wannan labari ne ya faru da tumaki. Da rani idan suka ci ciyawar rayigiras har ƙasa, sai kansu ya riƙa rawa, in an kora su su yi taga-taga su zube. A 1981 Fletcher da Harvey suka danganta wannan da fumfunar cikin ciyawar, Gallagher da abokansa kuma suka ware gubar, wadda aka sa wa suna lolitirem. Dukkan waɗannan fumfunoni 'yan gida ɗaya ne, tun daga 2014 aka haɗa su a ƙarƙashin suna Epichloë.

Maganin ya yi kama da mai sauƙi: a raba ciyawa da baƙuwarta. Abu ne mai yiwuwa kuwa, domin idan iri ya daɗe a ajiye a wuri mai zafi da laima, fumfunar kan mutu ta bar ƙwayar da ranta. Aka samar da iri marar fumfuna, manoma suka kashe kuɗi suka nome tsohuwar ciyawa suka shuka sabuwa. Dabbobi suka murmure, amma ciyawar ta kasa tsayawa. A Niyu Zilan wani ƙaramin ƙwaro ɗan asalin Ajantina, wanda tsutsarsa ke huda kara, ya cinye filayen gwaji marasa fumfuna ya bar na kusa da su. A 1986 Rowan da Gaynor suka gano dalili, wani sinadari mai suna feramin da fumfunar ke yi, wanda ke korar ƙwaron kuma ba ya cutar da tumaki. A kudancin Amurka kuwa fari ne ya yi aikin. Read da Camp sun ba da rahoto daga Texas a 1986 cewa feskiyu mai ƙarancin fumfuna ta lalace a fili bayan rani mai tsanani, mai cike da ita kuma ta rayu. Manoman da suka bi shawara da wuri su suka fi jin jiki, kuma wannan ya sa har yau wasu ke ɗari-ɗari da duk wani sabon iri.

Ashe abin da ya burge Fergus a gefen tudun nan ba na ciyawar ba ne ita kaɗai. A 1988 Keith Clay ya tsara fahimtar da ta zama ruwan dare: ciyawa na ba fumfuna masauki da abinci da hanyar yaɗuwa, ita kuma tana biya da guba mai korar masu cin mai masaukinta. Masu kiwo suka ɗauki darasin ta fuskar aiki. Garry Latch na Niyu Zilan da abokansa suka bi ciyayin daji na Turai da yankin Bahar Rum suna neman nau'in da ke korar ƙwari amma ba ya yin ergobalin. Tare da Joe Bouton na Jami'ar Jojiya aka dasa ɗaya daga ciki a feskiyu, ya shiga kasuwar Amurka a 2000 da sunan MaxQ. A Niyu Zilan aka fitar da AR1 a 2001, sai AR37 a 2007.

Amma guba ta bayyana batun ƙwari ne kawai. Ba ta bayyana fari ba. Rana ba ta jin ɗaci, ƙishirwa ba ta tsoron dafi. To me ya sa ciyawa mai baƙuwa ke tashi bayan fari, 'yar uwarta ta mutu? An ga tana naɗe ganye da wuri, an ga saiwarta ta fi nisa, an ga tana tara sukari a gindin kara. Duk da haka lissafin bai cika ba, kuma neman cikonsa ne ya kai masana ga sinadaran da ake kira antioksidan.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane wannan. Iskar oksijin da muke shaƙa tana da kaifi. Ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ce ke sa mai ya yi ɗoyi in ya daɗe. A 1954 Rebeca Gerschman, masaniya 'yar Ajantina, ta nuna cewa ɓarnar oksijin a jiki da ɓarnar hasken eksire hanyarsu ɗaya, wato wasu ɓarɓashin sinadari marasa natsuwa da ke fizgar ilektaron daga duk abin da suka taɓa. A 1969 McCord da Fridovich suka gano wani enzayim wanda ba shi da aiki sai kashe ɗaya daga cikin waɗannan ɓarɓashi, abin da ya nuna cewa halittu sun daɗe da tanadin kariya. Ganye ya fi kowa fuskantar wannan hatsari. Idan ruwa ya yanke, sai ya rufe ƙananan ƙofofin numfashinsa don kada ya bushe. Da ya rufe, iskar kabon da yake haɗa abinci da ita ta daina shiga, alhali rana ba ta daina zubo masa ƙarfi ba. Ƙarfin da bai sami wurin zuwa ba sai ya faɗa kan oksijin, ya mai da ita mai ƙuna, ta shiga cin kitsen da ya kewaye ƙwayoyin halitta, da furotin, da koren launin ganye. Saboda haka shukar da fari ya kashe, ba rashin ruwa kaɗai ya kashe ta ba, ta ƙone ne daga ciki. Zafi da gishiri da ƙarafa masu guba duk ta wannan ƙofa suke ɓarna. Antioksidan su ne masu tare wannan ƙuna: wasu enzayim ne kamar katalas, wasu ƙananan sinadarai ne kamar bitamin C da gulutatayon da dangin fenol.

Wani abin lura shi ne, ɗaya daga cikin fitattun antioksidan na fumfuna tun 1909 aka same shi, kuma a kan dangin ciyawa. Charles Tanret, mai haɗa magunguna a Faransa, ya tace shi daga ergot, baƙar fumfunar da ke maye gurbin ƙwaya a zangarniyar hatsin rai, wadda ta sha hallaka mutane a Turai a zamanin da. Ya sa masa suna ergotiyonin. Ergot cuta ce a fili, ba baƙuwar lumana ba, amma ita da Epichloë zuriyarsu ɗaya. Tsirrai da dabbobi ba sa ƙera wannan sinadari, fumfuna da wasu bakteriya ne ke yinsa, mu kuma mu samu ta abinci. A 2005 Dirk Gründemann da abokansa a birnin Kolon na Jamus suka gano cewa jikin mutum na da wata ƙofa ta musamman da ke shigar da shi cikin ƙwayoyin halitta. Kusan shekara ɗari ke nan tsakanin gano shi da fara gane muhimmancinsa.

A ɓangaren feskiyu, alamar farko mai ƙarfi ta fito a 1998 daga Dariusz Malinowski da David Belesky a jihar Virginia ta Yamma. Sun shuka ciyawa mai fumfuna da marar ita a inda babu isasshen fosfaras, suka ga saiwar mai fumfuna tana fitar da sinadarai dangin fenol fiye da ɗayar. Waɗannan sinadarai na taimakawa wajen saki fosfaras daga ƙasa, suna ɗaure alminiyam mai cutar da saiwa, kuma antioksidan ne. A ganina muhimmin abu a wannan aiki shi ne wurin da aka ga canjin. Epichloë a kube da kara da ƙwaya take zama, ba ta sauka cikin saiwa. Ke nan sinadaran da aka gani a ƙasa ciyawar ce ta ƙera su, zaman baƙuwa a sama ne ya sa ta. Tun daga nan tambayar ta rabu biyu: wanne ne na fumfuna, wanne ne na ciyawar da fumfuna ta zaburar? Akwai wanda ba a musun nata ne, kamar manitol, wani dangin sukari da fumfunoni ke tarawa, wanda ke iya kashe kaifin oksijin, kuma an same shi a rayigiras mai ɗauke da ita. Amma kaso mai yawa na mai masauki ne.

Misali mafi ɗaukar hankali ya zo daga wata fumfuna daban. A gandun Yellowstone na Amurka akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi, ƙasar gefensu kan yi zafin da yawancin tsirrai ba sa iya zama, amma wata ƙaramar ciyawa, Dichanthelium lanuginosum, tana tsirowa a wurin. Regina Redman da Russell Rodriguez da Joan Henson suka sami fumfuna mai suna Curvularia protuberata a cikin jikinta. A gwajin da suka buga a 2002, sun raba su, suka dumama ƙasar tukwane. Ciyawa mai fumfuna ta jure zafin da ake kaiwa digiri 65 na Salshiyas lokaci-lokaci har kwana 10, marasa ita duk suka mutu. Kowannensu shi kaɗai, ciyawar ko fumfunar, ba ya wuce wajen digiri 38. A 2007 Luis Márquez da Marilyn Roossinck tare da Redman da Rodriguez suka gano na uku a wannan zama, ƙwayar bairas da ke cikin fumfunar kanta. In an cire bairas ɗin, juriyar ta tafi, in an mayar ta dawo. Da aka sa wannan fumfuna a tumatir, shi ma ya ƙara jure zafi.

A 2008 Rodriguez da Redman da abokansu suka yi wani gwaji da kowane manominmu zai gane, domin sun yi amfani da farakwat, maganin ciyawan da aka sani da sunan Gramoxone. Yadda wannan magani ke kisa shi ne ya sa ganye ya cika da oksijin mai ƙuna in rana ta haska shi. Suka wahalar da tsirrai da zafi ko gishiri ko ƙishirwa, sannan suka yanko guntayen ganye suka jiƙa da maganin suka ajiye a haske. Guntayen tsirrai marasa fumfuna suka koɗe suka yi fari, na masu ita suka zauna kore. Ido ma ya isa ya ga bambancin. A wannan aikin har da wata fumfunar da suka samo a ciyawar bakin teku ta jihar Washington, wadda ke ba da juriyar gishiri, daga baya kuma suka gwada irin waɗannan a shinkafa.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce fumfuna mai kashe gobara ce kawai. Aikin da aka yi a Jami'ar Massey ta Niyu Zilan ya nuna abin ya fi haka zurfi. A 2006 Aiko Tanaka da Barry Scott da abokansu suka lalata ƙwayar gado guda ɗaya a jikin Epichloë festucae, mai suna noxA, wadda aikinta shi ne ƙera oksijin mai kaifi da gangan. Aka dasa wannan fumfuna a rayigiras. A yadda aka saba, zaruruwan kan manne da bangon ƙwayoyin ganye, su miƙe daidai da miƙewarsa, in ganye ya daina girma su ma su daina. Wadda aka lalata kuwa ta rasa wannan ladabi. Ta yi ta rassa, ta cika ganye, ta kutsa hanyoyin ruwa da abinci, ciyawar ta tsumbure, ta yi ta 'ya'ya barkatai, ta tsufa da wuri ta mutu. Wato ɗan abin ƙunar nan da take fitarwa yana cikin abin da ke riƙe ta a kan iyaka. A 2010 James White da Mónica Torres na Jami'ar Rutgers suka ɗora a kan wannan, suka kawo ra'ayin cewa wannan 'yar ƙuna ta kullum ita ce ke sa ciyawa ta zauna cikin shiri, da rumbun antioksidan a cike, ta yadda in fari ya zo ba ya samunta a sake. Ra'ayi ne, ba hukunci ba, amma ya haɗa abubuwan da aka gani a warwatse, har da na saiwar Malinowski.

Masana a Jami'ar Lanzhou ta Sin sun kawo nasu shaida daga wata ciyawar arewa maso yammacin ƙasar da ke bugar da dawaki. A aikin Zhang da Li da Nan na 2010, tsirrai masu fumfuna da aka sa wa ƙarfen kadmiyam sun fi girma, enzayim ɗinsu na kariya sun fi aiki. Sai dai ba ko'ina ake samun haka ba, kuma adalci ne a faɗa. Stanley Faeth, wanda ya yi shekaru yana nazarin feskiyun daji ta Arizona, ya nuna cewa a ciyayin da ba na noma ba fumfunar kan zama nauyi, tana ci ba ta biya. Amfanin ya dogara ga irin ciyawar, da irin fumfunar, da ƙasar da suke kai. Kentucky 31 haɗi ne guda da ya dace ƙwarai, ba ita ce ma'aunin dukkan ciyayi ba.

A gefe guda kuma wata kasuwa ta buɗe. A 1993 Andrea Stierle da Gary Strobel da Donald Stierle na jihar Montana suka ba da rahoton samun maganin ciwon daji na taksol a wata fumfuna da ke cikin itacen da ake tace shi. Wannan ya sa masu neman magunguna suka bazama cikin tsirrai. A 2002 da 2003 Strobel da abokansa suka ware antioksidan biyu, isofestasin da festasin, daga fumfunar wani itace na Papuwa Niyu Gini. Tun daga lokacin rahotanni suka yi ta kwarara daga jami'o'in Sin da Indiya da wasu ƙasashe, har da na ciyayi, domin aikin ba ya buƙatar kayan tsada. A wanke ganye da sifirit da ruwan bilic don a kashe duk abin da ke bayansa, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa, a yayyanka, a jera a faranti mai abincin ruwan dankali da sukari. Bayan kwanaki, ko makonni in Epichloë ce don ita ba ta sauri, sai a ga farin zare kamar auduga yana fitowa daga bakin yankan. A raine shi, a tace ruwansa, a ɗiga cikin wani sinadari mai launin shunayya da Marsden Blois ya gabatar a 1958. In shunayyar ta koɗe ta koma rawaya, akwai antioksidan. Galibi kuma yawan fenol ɗin da ke ruwan shi ke nuna ƙarfin koɗewar.

Wannan gwaji gaskiya yake faɗa, amma game da kwalba kaɗai. A nan nake ganin ya kamata mai karatu ya yi hattara, domin daga koɗewar launi zuwa maganin ɗan Adam tafiya ce mai nisa, kuma an taɓa yin tuntuɓe a kanta. A Finlan an ba maza masu shan taba su fiye da 29,000 ƙwayoyin antioksidan ko na bogi na tsawon shekaru. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha beta-karotin sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin ɗari. A 2012 ma'aikatar gona ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na ƙarfin antioksidan a abinci, bisa dalilin cewa 'yan kasuwa na amfani da shi wajen talla alhali adadin ba ya nuna abin da zai faru a jiki. Ga kuma gaskiyar da makiyayan Kentaki suka koya da shanunsu, cewa fumfunar da ke kare ciyawa tana iya zama mai dafi ga wanda ya ci. Mu ma wannan ya shafe mu ta hanyar masara. Wata fumfuna mai suna Fusarium verticillioides kan zauna a cikinta ba tare da wata alama ba, amma ita ce ke yin gubar fumonisin da masanan Afirka ta Kudu suka gano a 1988, mai lalata ƙwaƙwalwar dawaki, wadda kuma ake dangantawa da dajin maƙoshi a mutane. Epichloë kanta ta ciyayin ƙasashen sanyi ce, gamba da gero da dawa ba gidanta ba ne, nasu baƙin daban suke.

Inda ilimin ya yi amfani a zahiri shi ne gona. A Niyu Zilan yawancin irin rayigiras da ake sayarwa yanzu yana ɗauke da zaɓaɓɓiyar fumfuna, kuma ana kula da shi a matsayin abu mai rai biyu: a ajiye a wuri mai sanyi da bushewa, a gwada kafin sayarwa a ga kashi nawa na ƙwayoyin ke da fumfuna mai rai, a shuka kafin ya tsufa. A Amurka sauya tsohuwar Kentucky 31 na tafiya a hankali, domin sai an fesa magani, an shuka wani amfani da zai danne ragowar, an sake fesawa, makiyayi kuma ya yi asarar kiwon kusan shekara guda.

Burin da ya fi girma shi ne a kai wannan zama cikin hatsi. Alkamar noma ba ta da Epichloë, amma danginta na daji, irin su Elymus da sha'ir ɗin daji, suna da ita. Wayne Simpson da Richard Johnson da abokansu a cibiyar AgResearch ta Niyu Zilan suka tattaro nau'o'i daga waɗannan ciyayi suka dasa a tsiron hatsin rai da alkama. A hatsin rai an sami wasu haɗe-haɗe da suka zauna lafiya har fumfunar ta wuce cikin iri. A alkama kuwa sakamakon farko ya yi kama da abin da Tanaka ta gani: tsirrai suka gajarce, suka tsumbure, da yawa suka mutu ba su yi zangarniya ba. Daga baya, tare da masanan Jami'ar Tottori ta Japan, aka gwada alkamar da aka sa wa wani yanki na gadon dangin nata na daji, sai aka sami tsirran da suka karɓi fumfunar suka girma kusan yadda ya kamata, suka kuma yi iri mai ɗauke da ita. Aikin yana matakin gwaji, kuma abin da ake aunawa a kowane zubi shi ne tsawon kara, da yawan ƙwaya, da kashin irin da fumfunar ta bi zuwa shuka ta gaba.